Asalin Sunan Esposito a Birnin Napoli

Assalamu alaikum, jama'a masu sauraro. Laccarmu ta yau za ta tsaya ne a kan sunan dangi guda ɗaya na ƙasar Italiya, wato Esposito, wanda shi ne ya fi kowane suna yawa a birnin Napoli da yankin Campania.

Yawancin sunayen dangi a Italiya sun samo asali ne daga sunan kaka, ko sana'a, ko garin da mutum ya fito, amma wannan suna daban yake, domin ba a gado aka fara samun sa ba. Tushensa kalmar Latin ce, expositus, wadda ke nufin wanda aka yasar a waje, kuma ma'aikatan gidan renon jarirai ne suke rubuta ta a rajista a gaban sunan jinjirin da ba a san iyayensa ba.

Gidan da ya fi shahara da wannan aiki shi ne Annunziata na Napoli, wanda aka kafa a ƙarni na 14. A jikin bangonsa an girke wani akwatin katako mai juyawa, wanda Italiyawa ke kira ruota. Uwa kan zo, sau da yawa da dare, ta sa jaririnta a ciki, a juya akwatin, masu reno su ɗauke shi daga cikin gida ba tare da sun ga fuskarta ba. Wasu iyaye mata sukan bar rabin kwabo ko rabin lambar wuya a jikin yaron, su riƙe ɗaya rabin, da fatan wata rana za su dawo su gane ɗansu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa ba duka ne ke gudun abin kunya ba. Talauci da yunwa ne suka raba da yawa daga cikinsu da 'ya'yansu.

Sauran birane ma suna da nasu sunayen da suke ba irin waɗannan jarirai: Proietti a Roma, Innocenti a Firenze, da Colombo a Milano.

Illar wannan al'ada ita ce, yaron da bai aikata laifin komai ba yakan girma da sunan da ke tona asirin haihuwarsa a duk inda ya je neman aure ko aiki, sannan 'ya'yansa da jikokinsa su gaje shi. A ganina, wannan zalunci ne da aka yi da alƙalami. Shi ya sa a 1811 Joachim Murat, wanda ke sarautar Napoli a lokacin kuma mijin ƙanwar Napoleon na Faransa, ya kafa dokar hana laƙaba wa 'yan tsintuwa wannan suna, kuma ya yi daidai. Akwatin kansa bai daina aiki a Annunziata ba sai a 1875.

Sai dai dokar ta shafi sababbin jarirai ne kawai, ba ta goge sunan daga waɗanda suka riga suka ɗauke shi ba. Zuriyarsu ta ci gaba da yaɗuwa, kuma da mutanen kudancin Italiya suka yi ta ƙaura a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, sai suka tafi da sunan har Amurka da Ajantina da Brazil.