Ƙaramin jirgin kuza da ya taɓa tashi daga Zariya

Jama'a, assalamu alaikum. Nan tashar jirgin ƙasa ce ta Zariya, a Sabon Gari. Kowa ya san dogon da ya fito daga Kaduna ya wuce Kano. Wasu ma sun san wanda ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda. To, akwai na uku, wanda yawancin yaran yanzu ko labarinsa ba su taɓa ji ba.

Turawa sun raɗa masa sunan Bauchi, amma bai taɓa leƙa garin Bauchi ba. Jos ya nufa, don a wancan zamani tsaunukan Jos a ƙarƙashin Lardin Bauchi suke. Abin da ya kai shi can kuwa, kuza ce.

Kafin a shimfiɗa shi, a ka ake ɗaukar kuza. 'Yan dako su naɗa gammo, su aza buhu ɗan mitsitsi mai nauyin tsiya, su yi kwana da kwanaki a ƙafa har Loko, bakin kogin Binuwai. Kamfanonin haƙar ma'adinai suka matsa wa gwamnatin mulkin mallaka lamba. A 1911 aka fara aiki daga nan Zariya, aka ratsa Soba da Dutsen Wai da Rahama, aka hau tudu ta Jengre, zuwa 1914 dogo ya isa Bukuru, gaba da Jos kaɗan. Mil 143 ke nan.

Ga abin da nake so ku lura da shi. Don a rage kashe kuɗi, siriri aka yi shi: tsakanin ƙarfe da ƙarfe ƙafa biyu da rabi, alhali babban dogon Ikko zuwa Kano ƙafa uku da rabi ne. Taragon wannan ba ya hawa kan wancan. Saboda haka duk buhun kuzar da ya iso Zariya sai leburori sun sauke shi da hannu, sun sake loda shi a babban jirgi, kafin ya kama hanyar teku zuwa Ingila. Gumin mutanenmu ne ya haɗa layukan nan biyu, kuma da wannan lodi da saukale gidaje da dama suka ci abinci.

Sirantar nan ce kuma ta kashe shi. A 1927 babban dogo ya shiga Jos daga Kafanchan, kuza ta samu hanya miƙaƙƙiya zuwa Fatakwal ba sauke ba lodi, kwal ɗin Inugu ma ya samu hanyar hawowa. Ƙaramin jirgi ya ci gaba da lallaɓawa da fasinja da kayan gona shekara 30, sannan aka rufe shi a 1957.

In ka kama hanyar Jos a mota ta Pambeguwa da Saminaka, yankin da ya ratsa kake bi. Kawunan jirgin kuwa suna ajiye a gidan tarihi na Jos. Yana yi mini ciwo a ce Bazazzage sai ya je can kafin ya ga jirgin da daga garinsu yake tashi.