Darasi: Yadda Mai Zanen Tatu Ke Sarrafa Allura da Fata

Mai gabatarwa: Jama'a barkanmu da warhaka. Darasinmu na yau kan sana'ar zanen tatu ne, zanen da ake yi wa fata da allura da tawada ya zauna dindindin. Malam, ga inji a gabanka, ga allurai a jere. Ta ina mai koyo zai fara?

Malam: Yawwa, barka kadai. Ya ajiye injin tukuna, ya fara sanin fata. Fatar mutum hawa uku ce. Na sama siriri ne, yana sabunta kansa kusan kowane wata. Na tsakiya shi ne mazaunin tawada. Na ƙasa kuwa kitse ne. Abin da ake so, bakin allura ya shiga kamar milimita ɗaya da rabi zuwa biyu, ya ajiye tawada a hawan tsakiya ya fito. Duk sana'ar nan a wannan ɗan tsakanin take.

Mai gabatarwa: In aka kuskure fa?

Malam: In allura ta tsaya a sama, ranar farko za ki ga zane ya yi kyau, bayan sati uku ya zube tare da ɓawo, layi ya yanke nan da can. Wannan da sauƙi, ana sake bi. Wanda ya fi muni shi ne a zarce cikin kitse. Kitse ba ya riƙe tawada wuri ɗaya, sai ta nashe kamar an ɗiga ta a jiƙaƙƙiyar takarda, gefen layi ya yi wata inuwa shuɗi-shuɗi. Wannan ba ya gyaruwa sai da hasken lesa, ko a rufe shi da wani zane mai duhu. Kuma kaurin fata ba ɗaya ba ne a jiki. Cikin wuyan hannu, kan haƙarƙari, saman ƙafa da yatsu duk fatarsu siririya ce, nan aka fi zarcewa. Baya da cinya sun fi haƙuri. Fatar tsoho ma sai da lallaɓawa.

Mai gabatarwa: To me ke hana jiki wanke tawadar?

Malam: Yana ƙoƙari ai. Ƙwayoyin garkuwar jiki suna zuwa su haɗiye ta, amma sun kasa narkar da ita, sai su zauna da ita a wurin. In sun mutu, wasu su gaje ta. Shi ya sa zane ke daɗewa, shi ya sa kuma yake ɗan bazuwa da shekaru. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mai gabatarwa: Mu koma kan injin.

Malam: A 1891 ne Samuel O'Reilly ya yi wa injin tatu mai lantarki rajista a birnin New York na Amurka, kuma daga alƙalamin lantarki na Thomas Edison ya samo dabarar. Yau iri biyu aka fi riƙewa. Akwai mai naɗin waya da maganaɗisu, mai ƙara da nauyi, yana bugu da ƙarfi. Akwai mai ɗan moto da ke juyawa, wanda yanzu ake ƙera shi kamar ƙaton alƙalami, ba nauyi, ba hayaniya. Mai koyo ya fi saurin sabawa da na biyun.

Allura kuma, duba jikin ledarta. Kin ga an rubuta 1207RL? Lamba 12 kaurin kowace allura ce, milimita 0.35. Da 10 ce, da 0.30 ke nan. Ita 07 na nufin allurai bakwai aka haɗa. RL kuwa an tsuke bakinsu a da'ira don jan layi. RS da'ira ce a sake, ta cike ƙananan wurare. M1 jere biyu ne a shimfiɗe, na inuwa da cika fili mai faɗi, sai RM mai lanƙwasassun gefuna, wadda ba ta yankar fata a kusurwa.

Mai gabatarwa: Ƙarfin wuta nawa ake sa masa?

Malam: Ya danganta da inji, amma galibi layi na tsakanin bolt 7 da rabi zuwa 9, inuwa kuma ƙasa da haka. Sai dai lambar ba ta aiki ita kaɗai, dole gudun hannu ya dace da gudun inji. Hannu ya fi inji sauri, layi ya fito ɗigo-ɗigo. Inji ya fi hannu sauri, allura ta yi ta sukar wuri ɗaya har fata ta dagargaje, ta yi jajir tana tsatso ruwa, ta ƙi karɓar tawada. In ka ga haka, ka bar wurin ya warke. Ƙara bi tabo kawai zai haifar.

Sannan hannun da ba ya riƙe da inji, shi ne rabin aikin. Da babban yatsa da manuni kake miƙe fata, gefen tafin hannun da ke riƙe da inji ya ja ta ɓangare na uku. In fata ta saki, allura sai ta riƙa tsalle, mai koyo ya zaci zurfi ne bai kai ba ya ƙara danna hannu. Daga nan ake zarcewa. In miƙewa ta yi daidai, za ka ji rawar allura a yatsun da suka miƙe fatar.

Mai gabatarwa: Kafin a kai ga allura, yaya zanen ke hawa jiki?

Malam: A aske wurin da sabuwar reza, a goge da sifirit, a shafa man manna kwafi kaɗan-kaɗan, sai a ɗora takardar kwafin, wato takardar da ke ɗauke da siffar zanen don ta fito a fata. Mutumin ya kasance a tsaye, jiki a sake, yadda yake tsayuwarsa ta kullum. In ka manna yana zaune ko ya murɗa hannu, da ya miƙe da'ira ta karkace. A bar kwafin ya bushe minti 10 zuwa 15. Mai aiki da dama ya fara daga ƙasa ta dama ya haura, don kada hannunsa ya share abin da bai kai ba. Layi da farko, sai baƙi, sai inuwa, launuka masu duhu kafin masu haske, fari a ƙarshe. Inuwa mai toka-toka kuwa baƙar tawada ce ake sirkawa da tataccen ruwa a ƙananan kofuna uku ko huɗu, kowanne da nasa duhun.

Mai gabatarwa: Malam, ɗazu ka ce mu riƙe maganar bazuwa.

Malam: Nan ake gane gwani. Mai zane a takarda yana zana abin da za a gani yau. Mai tatu yana zana abin da za a gani bayan shekara goma. Kowane layi zai ƙara kauri. In ka matse layuka biyu, za su haɗe. Ƙananan haruffa cikinsu zai toshe su zama tabon baƙi. Don haka ka bar fili tsakanin layuka, ka bar fata ta yi aikin haske, ka sa baƙi isasshe, don shi ne ke riƙe zane bayan launuka sun koɗe. Zane kuma ya bi kwanciyar tsoka. Abin da ke da tsawo ya je damtse ko sangali, kada a tilasta madaidaicin layi a inda jiki ke lanƙwasa.

Wani abu da nake so kowa ya ji: tawada a ƙarƙashin launin fata take, ta cikinsa ake hango ta. A fata mai duhu, layi mai kauri da tazara mai yawa sun fi fitowa, kuma a ɗiga gwajin launuka a jira su warke kafin babban aiki. Kowane mai zuwa a tambaye shi ko rauninsa kan warke ya yi tudu yana girma. In haka ne, shawarar likita ce farko. Jar tawada ita ce ta fi tayar da borin fata.

Mai gabatarwa: Batun tsafta fa?

Malam: Kowane tatu buɗaɗɗen rauni ne, akwai jini. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana bakwai da ranta a busasshen jini kan tebur. Allura sau ɗaya ake amfani da ita, a buɗe ledarta a gaban mai ita, a gama a jefa cikin akwatin allurai mai tauri. Ragowar tawadar kofi a zubar, ba ta komawa kwalba. A naɗe inji da wayarsa da matashin hannu da leda. Ka taɓa wayar salula ko ƙofa, ka sauya safar hannu. Ƙarfen da za a sake amfani da shi a wanke shi, ya shiga tukunyar tururi mai matsi, digiri 121 a ma'aunin Salsiyos, aƙalla minti 15. Tafasawa a ruwa ba ta isa ba. Doka ma tana ciki: Birtaniya ta hana yi wa ɗan ƙasa da 18 tatu tun 1969, Tarayyar Turai kuma ta taƙaita sinadaran tawada daga Janairun 2022. Ko'ina kake, ka nemi dokar wurin.

Mai gabatarwa: Yaya rayuwar sana'ar take?

Malam: Yawanci ana shiga ta ƙarƙashin wani gwani, shekara ɗaya zuwa uku, ana shara, ana shirya tebur, ana zane a takarda da fatar roba. In ka kama aiki, mai shago na da kasonsa a kowane zane, ko ka biya hayar kujera. Zanen da za a yi wa mutum gobe, da daren yau ake shirya shi, kuma ba a cika lissafa wannan lokacin a kuɗin aiki ba. Baya da wuya da wuyan hannu su ne ke fara gajiya, don haka ka ɗaga gadon ya zo maka, kada ka sunkuya masa. Akwai kuma cewa a'a: ga wanda ya sha giya, ga mai ciki, ga wurin da ke da ƙuraje ko tawadar Allah.

Mai gabatarwa: An gama zane, me za a faɗa wa mai shi?

Malam: Ya wanke da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙamshi sau biyu a rana, ya tsane da takarda mai tsafta, ya shafa mai siriri, kada ya laɓta. Wajen kwana na huɗu zuwa sati biyu zai yi ɓawo da ƙaiƙayi, kada ya sosa, kada ya ɓare. Babu iyo, babu jiƙa shi a ruwa, babu shiga rana da shi har sati uku zuwa huɗu. In ja na yaɗuwa, ko zafi na ƙaruwa bayan kwana uku, ko ga mugunya da zazzaɓi, asibiti zai nufa. Inda tawada ta zube kuma, kada a sake bi sai bayan sati shida, lokacin da ƙyallin sabuwar fata ya tafi.