Gidan Rediyon Makarantar Sakandare da Ɗaliban da Ke Barinsa Duk Shekara

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

A Katsina da Daura, da zarar watan Yuni ya kama, 'yan aji shida na sakandare suna ƙarasa WAEC, NECO na tafe, makarantu kuma sun shiga shirin bikin yaye ɗalibai. Za a kafa rumfa, a jera kujeru, a kira wanda ya zo na ɗaya a lissafi, da wadda ta fi kowa Turanci, da gwarzon musabaƙa. A wasu makarantun Amurka, a daidai wannan lokaci, akwai wani rukunin ɗalibai da su ma ake kira gaba a tafa musu: yaran da suka riƙe gidan rediyon makaranta shekara biyu, uku, wasu huɗu, ba tare da an biya su ko sisi ba.

Gidan rediyo na gaske muke nufi, mai lasisi da eriya, wanda direba zai kama a motarsa. Tun 1945 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta keɓe farkon zangon FM, daga mita 88 zuwa 92, ga makarantu da sauran tashoshin da ba na kasuwanci ba. Wasu ma sun riga wannan doka. Makarantar Benson Polytechnic da ke birnin Portland tana da tasha tun 1923, ita ce KBPS ta yau. A garin New Albany na jihar Indiyana kuma, tashar WNAS ta fara aiki a 1949 a kan mita 88.1, kuma ɗaliban sakandare ne ke magana a cikinta. A shekarar 2000 aka ƙara buɗe wata ƙofa, ta ƙananan tashoshi masu ƙarfin wat 100, waɗanda muryarsu ke kai kilomita biyar zuwa shida. Da za a kafa irin wannan eriya kusa da Hasumiyar Gobarau, da Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Sauri da Ƙofar Marusa duk sun ji tangaran.

To, mu leƙa cikin ɗakin. Yarinya ce 'yar shekara 16, hedifon a kunne, teburin haɗa sauti a gabanta, idonta a kan agogon bango. Saura daƙiƙa ashirin awa ta cika. Yatsanta na kan maɓalli, tana rage kiɗa a hankali. Jar fitila ta kama, ma'ana gari na jin ta. Dole ta faɗi harufan sunan tashar da garin da take, domin doka ta ce a yi haka a kan kowace awa. In ta yi suɓul da baka ta saki ashar, makarantar ce hukuma za ta tuhuma, tunda ita ke riƙe da lasisi. In ta ruɗe tashar ta yi tsit, duk mai sauraro ya sani nan take. Ba kamar jarrabawa ba ne da za a ce ta goge ta sake. Shi ya sa yaron da ya shekara uku a wannan kujera yake fita da abin da allo ba ya koyarwa: kiyaye lokaci, tauna magana kafin a furta, da yadda ake tambayar babba ba tare da rawar murya ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Babbar sakandare a Amurka shekara huɗu ce. Gidan rediyon kasuwanci zai iya riƙe mai gabatarwa guda shekara ashirin, na makaranta kuwa babu wanda zai wuce huɗu. Kuma waɗanda ke tafiya duk shekara su ne ƙwararrun. Kamar tela ne da duk yaron da ya iya yanka sai ya tashi, a kawo masa sabo wanda bai san zare allura ba. Saboda haka karramawar ba ta tsaya ga godiya ba, a nan ne ake miƙa aiki. Sau da yawa akan ba masu tafiya shirin ban kwana, a kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya a iska, iyaye na saurare daga gida. Wani lokaci a tono muryar yaro ta shekararsa ta farko, yana in'ina yana haki a makirufo, a saka masa ya ji, ɗaki ya kwashe da dariya. Ƙananan da ke zaune a gefe kuma sun ga inda gwanin nasu ya faro, sai gabansu ya daina faɗuwa.

Akwai wani kuskure da ke saurin shiga irin wannan biki, kuma a ganina shi ne ya fi ɓata shi. Mai murya kowa ya san shi, shi ake tafa wa. Amma wa ya zauna bayan an tashi makaranta yana yanke tari da maimaici daga hira? Wa ya ɗauki wayoyi da makirufo zuwa filin ƙwallo, ya naɗe su bayan kowa ya watse? In ba a kira sunan waɗannan ba, baɗi kowa makirufo zai nema, a rasa mai zama a kan tebur.

Mu dawo gida. A Najeriya, hukumar NBC da aka kafa a 1992 ce ke kula da lasisin watsa shirye-shirye, kuma tashoshin makarantu da muka sani na manyan makarantu ne, irin su ta Jami'ar Legas a mita 103.1 da ta Jami'ar Bayero a Kano. Don haka malam, kada ka ga na'urar watsawa a intanet da araha ka saya ka kafa a bayan ofis. Shiga iska babu lasisi laifi ne.

Amma ɗaliban, ai muna da su. Ku je asambuli da safe a makarantar da ke da kulob ɗin 'yan jarida. Yaro ya fito da fallen takarda, wani lokaci lasifika ta yi aiki, wani lokaci babu wuta sai ya ɗaga murya. Ya karanta labarai da Turanci, wata ta biyo shi da Hausa. Labaran nan, da daddare suka tsinto su daga rediyon mahaifinsu, suka rubuta da hannu. Kuma ba abin mamaki ba ne su iya. Sashen Hausa na BBC ya fara magana tun 1957, Rediyon Kaduna tun 1962, na Muryar Amurka ya fara a 1979, ga Gidan Rediyon Jihar Katsina da Companion FM a ƙofar gida. Yaron da ya tashi a nan ya san yadda labarai ke fita a bakin gwani tun kafin ya iya karatu. Shekara uku yana wannan aiki, ranar yaye ɗalibai kuma sau da yawa shi ne ma zai riƙe makirufo ya kira masu karɓar kyauta, sannan ya koma ya zauna hannu rabbana.

Gyaran ba ya cin kuɗi sosai. Takardar shaida guda, amma a rubuta abin da ya yi a cikinta: ya karanta labarai, ta yi fassara, ya tace sauti, daga shekara kaza zuwa kaza. Wanda zai nemi karatun aikin jarida a Bayero ko a Kwalejin Hassan Usman Katsina, ko ya je neman koyon aiki a wata tasha, takarda irin wannan ta fi masa faranti da kofi amfani. Sai kuma murya. Waya ɗaya da ɗaki mai shiru sun isa a naɗi shirin ban kwana, manhajar tace sauti ta Audacity kuma kyauta ce ga mai kwamfuta. A ba kowane ɗalibi nasa. Kafin a tura muryar ɗaliba a WhatsApp ko Facebook dai, a nemi yardar iyayenta. Shugaban makaranta kuma zai iya rubuta wa wata tasha ta gari ya roƙi 'yan mintoci a shirin yara ko na matasa.

Sai batun lokaci, wanda nan ne ake yawan makara. 'Yan aji shida suna janyewa daga komai da zarar jarrabawa ta matso, bayan NECO kuma sai dai ka gan su a kasuwa. Ranar biki ta tafa hannu da ɗaukar hoto ce. Miƙa aikin kuwa a zango na biyu ake yin sa, tun daga Janairu: kowane mai tafiya a haɗa shi da ɗan aji huɗu ko biyar, su rubuta labarai tare, su tsaya gaban asambuli tare, kafin hutun zangon ƙaramin ya karanta shi kaɗai, babban na tsaye a baya da biro yana gyara masa.