Layin dogon da ya koma hanyar keke a Bajiniya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau ina garin Vienna a jihar Bajiniya, nan kusa da Washinton, kuma wannan kwaltar da kuke gani a gabana da can layin dogo ne. Ku duba yadda ta miƙe sambal, ba wani hawa ba gangara sosai, ai jirgin ƙasa baya son tudu shi ya sa.

W&OD suke ce mata, taƙaitaccen sunan tsohon layin dogon kenan, Washington and Old Dominion. Mil 45 ce, wajen kilomita 72 kenan, daga Shirlington har Purcellville.

Toh a 1859 jirgi ya fara tashi daga garin Alexandria da ke kusa da Washinton, niyyar masu shi su kai layin can yamma inda ake haƙar kwal, amma har aka rufe shi basu tsallake duwatsun Blue Ridge ba. Yaƙin basasar Amurka ya zo ya dagula komai, a nan Vienna ɗin ma a watan Yunin 1861 sojojin kudu suka yi wa jirgin da ya ɗauko sojojin arewa kwanton ɓauna. Sai 1900 layin ya kai garin Bluemont a gindin duwatsun, daga nan kuma bai ƙara gaba ba. Madara yake kwasowa daga gonakin gundumar Loudoun zuwa birni, da wasiƙu, da mutanen Washinton masu gudun zafi su je shan iska gindin dutse. Da motoci suka yi yawa kasuwa ta mutu, 1951 aka daina ɗaukar fasinja, layin ya ɗan farfaɗo da dakon kayan ginin filin jirgin sama na Dulles, 1968 aka rufe shi gaba ɗaya.

Ku ɗaga kai ku ga waɗannan manyan turakun lantarki, wallahi su ne suka ceci wajen nan. Kamfanin wuta ne ya sayi filin don ya ja wayoyinsa, shi ya sa ba a yanka shi fuloti-fuloti an yi gidaje ba, don da an yanka ko da a wuri biyu ne shikenan hanya ta tsinke ba mai iya haɗa ta kuma. Hukumar wuraren shaƙatawa ta yankin ta fara shimfiɗa hanyar keken da ɗan guntu a garin Falls Church a 1974, a hankali a hankali har ta kai Purcellville a 1988.

Bari in matsa gefe, masu keken nan gudu suke, in za su wuce sai su ɗaga murya su ce maka suna hagunka.

Ga tsohuwar tashar can tana nan da ginin katakonta, a ciki akwai masu sha'awar jirgi da suka haɗa ƙananan jirage na wasa suna zagayawa kan layi. Ga kuma jan taragon nan, irin wanda ake ɗaurawa a wutsiyar jirgin kaya ma'aikata su zauna. Gaskiya wannan ya burge ni matuƙa, yaron da bai taɓa ganin jirgi a garinsu ba zai tsaya ya taɓa ƙarfen da hannunsa. Mu ƙarasa kusa in nuna muku ƙafafunsa, daga nan sai garin Herndon in Allah ya yarda, can ma sun bar tasu tashar.