Inda Ƙafa Take Sauka: Laccar da Aka Gabatar wa Matasa Masu Gudu a Bauchi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwana matasa, na san da yawanku daga sallar asuba kuke wucewa filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa ko ku bi gefen hanyar Jos, wasu domin lafiya, wasu kuma suna shirin tantancewar shiga aikin soja ko ɗan sanda. Abin da yake damuna shi ne yawan waɗanda suke farawa da zafinsu, amma kafin wata biyu ciwon gwiwa ko na ƙwauri ya zaunar da su, har su ɗauka cewa jikinsu ne bai dace da gudu ba, alhali matsalar tana ga yadda suke taka ƙasa.

Duk lokacin da ƙafar mai gudu ta sauka, nauyin da take ɗauka yakan kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa, kuma hakan yana maimaituwa ɗaruruwan lokuta a kowace kilomita. Kuskuren da na fi gani shi ne dogon taku: mutum ya wurga ƙafarsa can gaba, gwiwa a miƙe sambal, dunduniya ta daki ƙasa nesa da jikinsa. A zatonsa yana cin ƙasa da yawa, amma a gaskiya burki yake taka wa kansa, kuma bugun yakan haura kai tsaye zuwa ƙwauri da gwiwa da ƙugu. Daidai shi ne ƙafa ta sauka kusa da ƙarƙashin jiki, gwiwa ta ɗan lanƙwashe, domin cinya da sharaɓa su shanye bugun. Ban cika damuwa da ko dunduniya ce take fara taɓa ƙasa ko tsakiyar tafin ƙafa ba, domin akwai gwanaye a kowane ɓangare. Inda ƙafar ta sauka shi ne abin dubawa.

Gyaran yana da sauƙi: idan ka ƙara yawan takunka a minti, tsawon takun zai ragu. Kana cikin gudu, ka ƙirga takun ƙafarka ta dama na minti ɗaya, ka ninka biyu. A gasar Olamfik ta 1984 a Amurka, wani kociya mai suna Jack Daniels ya ƙirga takun manyan 'yan tseren nesa, ya tarar kusan dukkansu suna yin taku 180 ko fiye a minti. Ba na so ku mayar da wannan adadi farilla, domin su tsere suke yi, kai kuwa sassarfa kake yi, kuma tsawon mutane ya bambanta. Idan naka 155 ne, ka ƙara kashi 5 cikin ɗari, ka zauna a kai makonni kafin ka sake ƙari. Ka kuma saurari ƙarar ƙafarka: wanda ake jiyo takunsa daga nesa yana dukan ƙasa ne fiye da kima.

Sauran jiki kuma, ka tsaya a miƙe, ka ɗan karkata gaba daga idon sawu ba daga ƙugu ba, idonka yana kallon gaba, kafaɗu a sake, hannuwa suna tafiya gaba da baya ba tare da ƙetare tsakiyar ƙirji ba.

Sai dai kyakkyawan taku ba ya ceton mai gaggawa, kuma a nan ne sauri yake haifar da nawa. Zuciya da huhu suna sabawa da gudu cikin 'yan makonni, amma ƙashi da agara suna buƙatar watanni. Shi ya sa yaron da ya ji an sa ranar tantancewa, ya tashi daga zaman gida zuwa kilomita 10 kullum a kan kwalta, zai iya ƙarewa da tsagewar ƙashin ƙwauri. Ku riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan, ku bar ranakun hutu, ku nemi burji ko ciyawa idan da hali. Wasu sukan kafa mini hujja da Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci gudun fanfalaki a Rum a 1960 ba takalmi; ku tuna cewa ƙafarsa ta saba da hakan tun da daɗewa. Kambas ɗin gwanjo ba laifi ba ne, amma ku juya shi ku duba ƙasansa, idan ya cinye ta gefe ɗaya ku bar shi.

Gajiyar tsoka da take wucewa bayan kwana biyu ba abin tsoro ba ce. Amma ciwon da yake wuri ɗaya a kan ƙashi, wanda za ka iya nunawa da yatsa, yake ƙaruwa idan kana gudu ko yake sa ka ɗingishi, wannan ka dakata, ka je asibiti a duba kafin ka sake ɗaura takalmi.