Ma'aunin GDP da Halin da Talaka Yake Ciki

Jama'a, assalamu alaikum. Sau da yawa gwamnati za ta ce tattalin arziki ya haɓaka da kashi kaza, mai sauraro ya laluba aljihunsa ya ji wayam, sai ya ce ƙarya ake yi masa. Galibi ba ƙarya ba ce. Lambar ce ba a gina ta don amsa tambayarsa ba, kuma wannan shi ne abin da za mu warware yau.

GDP shi ne darajar duk kaya da ayyukan da aka samar a cikin iyakar ƙasa a shekara guda, ko a wata uku. Ana lissafa ƙarin darajar da kowane mataki ya kawo ne kawai. Manomi ya sayar da auduga dala 100, masaƙa ta mayar da ita zare ta sayar 160, aka saƙa yadi aka sayar 250. Abin da zai shiga lissafi 250 ne, ba 510 ba. Wata hanyar kuma ita ce a tara abin da iyalai suka kashe, da jarin da aka zuba, da abin da gwamnati ta kashe, da abin da aka fitar waje, sannan a cire abin da aka shigo da shi. Masanin tattalin arziki Simon Kuznets, wanda ya gabatar wa majalisar Amurka lissafin kuɗin shigar ƙasa a 1934, tun a wannan rahoton ya yi gargaɗin cewa da wuya a gane jin daɗin al'umma daga irin wannan ma'auni.

To, ina gizo ke saƙar? Mu fara da rabo, domin nan ne babbar matsalar. A ce mutum goma ne a ƙasa. Tara kowa na samun dala 100, ɗaya na samun 1,100. Jimilla 2,000, in an raba kowa ya tashi da 200 a takarda. Baɗi mai kuɗin ya koma 1,300, sauran ba su motsa ba. Za a sanar da haɓakar kashi 10 cikin 100, kuma lissafin daidai ne, alhali mutum tara cikin goma ko sisi bai ƙaru musu ba. Shi ya sa masana suka fi amincewa da kuɗin shigar mutumin tsakiya: a jera jama'a daga mafi ƙarancin samu zuwa mafi yawa, a ɗauki wanda ya faɗo daidai tsakiyar layi. A misalinmu yana nan kan 100 duk shekarun biyu.

Sai yawan jama'a. In tattalin arziki ya ƙaru da kashi 3, jama'a kuma suka ƙaru da kashi 2.5, rabon kowane mutum bai wuce ƙarin rabin kashi ɗaya ba.

Tsadar kaya ma ba ta cizon kowa daidai. Hukumomin ƙididdiga suna cire hauhawar farashi kafin su faɗi haɓaka, amma da matsakaicin farashi na ƙasa baki ɗaya. Ku ɗauka abinci ya tashi da kashi 30, sauran kaya da kashi 10. Gidan da abinci ke cin kashi 60 na kuɗinsa, tsadar da ya gani kashi 22 ce. Gidan da abinci ke cin kashi 20 kawai, tasa kashi 14 ce. Ƙasa ɗaya, shekara ɗaya, amma nauyin ba ɗaya ba, kuma a ganina wannan ne abin da masu tsara manufofi suka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Akwai kuma abin da aka samar a ƙasa amma ba na 'yan ƙasa ba ne. A 2016 hukumar ƙididdigar Ireland ta sanar cewa GDP ɗin 2015 ya haɓaka da kashi 26, saboda manyan kamfanonin ƙetare sun mayar da rajistar kadarorinsu can. Albashin ma'aikaci bai yi wannan tsallen ba, har a 2017 ƙasar ta fito da wani ma'aunin da ke tace irin wannan. Ƙasashe masu haƙar mai da ma'adinai suna da nasu nau'in: ribar na tafiya ga masu jari a waje, kuma GDP ba ya cire arzikin ƙarƙashin ƙasa da aka ƙarar. Haka in ambaliya ta rushe gidaje, ba a rage asarar, amma kuɗin sake ginawa yana shiga a matsayin ƙari. Uwa mai renon 'ya'yanta da jinyar tsofaffi a gida kuwa, aikinta ba ya cikin lissafin sam.

Kada a ɗauka ina cewa a yar da GDP. Ƙasar da GDP ɗinta ke raguwa shekara bayan shekara, harajinta zai ragu, asibiti da makaranta su ji a jikinsu, kuma talaka ne farkon shan wuya. Haɓaka sharaɗi ce, amma ba ta wadatar ita kaɗai. Saboda haka ne masana tattalin arziki Mahbub ul Haq da Amartya Sen suka yi aiki kan ma'aunin ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya fara fita a 1990, ya haɗa kuɗin shiga da ilimi da tsawon rai. A 2010 aka ƙara ma'aunin talauci mai alamomi 10, ciki har da abinci mai gina jiki, ruwan sha, wutar lantarki da zuwan yara makaranta.

Don haka in an faɗa muku lambar haɓaka, ku tambaya: an cire hauhawar farashi? An raba da yawan jama'a? Wane ɓangare ne ya haɓaka, kuma mutum nawa yake ɗauka aiki? Haƙar mai na iya ɗaga lambar ba tare da ɗaukar ma'aikata masu yawa ba, saɓanin noma da masana'antu. Amsar yadda mutumin tsakiya yake kuwa ba ta samuwa sai daga binciken da ake bi gida-gida ana tambayar abin da iyali suka samu da abin da suka kashe. GDP na fita duk wata uku, wannan binciken kuwa a ƙasashe da dama sai a yi shekaru ba a yi shi ba, saboda tsadarsa. Wannan kuɗin ne ya kamata 'yan majalisa da 'yan jarida su matsa a ware wa hukumomin ƙididdiga.