Ɗinkin Sallah da lafiyar yaran shago

Bilkisu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Bilkisu ce, tare da Alhaji Garba da Sista Talatu kamar kullum. Yau kan lafiyar ma'aikata za mu zanta, amma ba ta manyan kamfanoni masu likitansu na kansu ba. Ta mai ƙaramin shago, wanda yake da yara biyar ko goma, tela ne ko mai walda ko mai injin niƙa. Alhaji, da ku zan fara tunda kuna da teloli a ƙarƙashinku. Akwai wani tsari na kula da lafiya a shagonku?

Alhaji Garba: Tsari kuma, Bilkisu? Tsarin shi ne idan yaro ya kwanta in aika masa da ɗan abin sayen magani. Idan abin ya yi tsanani in ɗauke shi da kaina mu tafi asibiti. Haka na ga maigidana yana yi, haka nake yi.

Sista Talatu: Allah ya saka da alheri, Alhaji, wannan zumunci ne. Amma ka ga sai da yaron ya kai ƙasa tukuna.

Alhaji Garba: To me kike so in yi, Sista? In gina musu ɗakin motsa jiki a bayan shago? In ɗauko mai lacca ya ce musu su rage cin maiƙo? Yaron da garau-garau ne abincin ranarsa, wane maiƙo zai rage?

Sista Talatu: A nan kam ina bayanka. Ko a Amurka inda aka fi yayin irin wannan shiri, an gwada an gani. A 2019 aka fitar da sakamakon wani bincike a kan kamfanin BJ's Wholesale Club, ma'aikata wajen 33,000. Wasu rassa aka ba su darussan abinci da motsa jiki da rage damuwa, wasu aka bar su yadda suke. Bayan wata 18, waɗanda suka sha darasi sun fi cewa suna motsa jiki, amma da aka duba awon jininsu da kuɗin asibitinsu da fashin aiki, babu wani bambancin kirki.

Alhaji Garba: Kin ji ko, Bilkisu? Allah ya tsare mini kuɗina.

Sista Talatu: Kada ka yi saurin murna. Su can sun riga sun gyara wurin aikin, lacca ƙari ce. Mu nan wurin aikin ne yake sa cutar. Ina janaretanka yake zama?

Alhaji Garba: A lungun baya, bakin ƙofa.

Sista Talatu: Ƙofar a buɗe?

Alhaji Garba: A buɗe mana, ta nan waya ta shigo. Kuma in na kai shi waje, kafin a idar da sallar la'asar an yi gaba da shi.

Sista Talatu: To akwai wata iska a cikin hayaƙin, kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki yake buƙata. Ita ce take kashe mutanen gida guda cikin dare idan sun kwana da janareta a ciki. Wadda ba ta kai ta kashe ba kuma, ita ce ciwon kan nan na yamma, da jiri, da kasala. Yaro ya ce zazzaɓi ne, ya je kemis a haɗa masa ƙwayoyi, gobe ya dawo ya zauna a wuri guda.

Bilkisu: Alhaji, na ga kun yi shiru.

Alhaji Garba: Tunani nake. Wanda kekensa ya fi kusa da ƙofar nan kullum cikin kukan ciwon kai yake, har sauran suna tsokanarsa wai rago ne.

Sista Talatu: Ka sa mai walda ya yi maka keji da kwaɗo, ka ƙara tsawon waya, ka kai shi fili nesa da ƙofa da taga. Sau ɗaya za ka kashe wannan kuɗin. Sai ruwan sha. A watan Afrilu zafin Kano yana haura 40, ga kwano a sama, ga dutsen guga. Idan sai yaro ya ciro kuɗinsa ya sayi ruwan leda, ba zai sha yadda ya kamata ba. A ajiye randa ko kula a shago, ta maigida.

Bilkisu: Ni abin da na lura da shi a shagon da nake kai ɗinki, babban telan sai ya miƙa wa ƙaramin yaro allura ya zura masa zare. Kullum.

Alhaji Garba: Wannan ai girma ne.

Sista Talatu: Girma ne, amma na ido. Daga shekara 40 idon kowa yana fara kasa ganin abu na kusa, ba cuta ba ce. Tabarau na karatu ne maganinsa, kuma yana cikin mafi arha a duk abin da muke bayarwa a asibiti. An gwada shi a kan masu tsinkar ganyen shayi a Assam ta ƙasar Indiya, aka fitar da sakamako a 2018. Waɗanda aka ba tabarau, abin da suke tsinka a rana ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin 100. To ina ga mai surfani?

Alhaji Garba: Ai ba za su sa ba. Cewa suke idan ka fara sa tabarau ido ya mutu kenan.

Sista Talatu: Ba ya kashe ido. Mutum ne dai in ya saba gani tangaran, sai ya ƙi yarda da dishi-dishin da ya saba da shi. Kai za ka fara sawa, Alhaji, tun ɗazu nake ganin yadda kake nesanta wayarka kafin ka karanta saƙo.

Alhaji Garba: Sista, a gaban jama'a?

Bilkisu: Bari in cece ku, Alhaji. Sista, awon jini fa? Na ga wasu suna sayen na'urar su ajiye a shago.

Sista Talatu: Yana da kyau, sau ɗaya a wata ma ya isa. Mutum ya zauna ya huta minti biyar kafin a auna. In ana ta samun 140 bisa 90 ko sama a ranaku daban-daban, asibiti zai tafi, ba kemis ba. Hawan jini yakan daɗe ba alama, wani sai ɓarin jikinsa ya shanye ake sani. Amma da sharaɗi: sakamakon na mai shi ne. Ba a shelanta shi a tsakiyar shago, kuma ba da shi maigida zai zaɓi wanda zai sallama ba. In yara suka hango haka, ranar awo ba za ka ga kowa ba.

Alhaji Garba: Duk waɗannan na ji, ba su fi ƙarfina ba. Na san dai inda kika dosa.

Sista Talatu: Kwanan shago.

Alhaji Garba: Na sani! To bari in faɗa miki. Goman ƙarshe na azumi da satin Babbar Sallah, a nan tela yake samun kuɗin hayar shekara. Yaro ya sha ruwa, ya yi asham, ya hau keke sai sahur. Ba ni nake tilasta shi ba. Ba albashi nake biya ba, iya ɗinkinka iya kuɗinka. In na ce ya je ya kwanta, gani zai yi na tare masa arziki.

Bilkisu: Amma dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce wanda ya yi aikin awa shida ko fiye a ba shi hutun da bai gaza awa ɗaya ba, da hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara da biyansa.

Alhaji Garba: 'Yata, wannan dokar a takarda take. Ni da yarana ko rubutu babu tsakaninmu, uban yaro ne ya kamo hannunsa ya damƙa mini amana.

Sista Talatu: To amanar ce ma ta fi dokar nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoto a 2021: mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki gare shi ya ɗara na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100. Wannan na wanda ya mayar da shi ɗabi'a ne shekara da shekaru. Na satin Sallah kuwa, abin da ya fi ba ni tsoro shi ne abin da ake haɗiya don ido ya ƙi rufuwa. Da yawa a nan suke fara tiramadol, da sunan maganin gajiya. Sallah ta wuce, ƙwaya ba ta wuce ba. Ga magungunan ciwon jiki da ake afawa a cikin da babu abinci, su ne suke kawo mana gyambon ciki da ciwon ƙoda.

Alhaji Garba: Wannan kam na gani da idona a layinmu, ba yaro ɗaya ba. A shagona dai na hana, wanda na kama da ita ya san sauran.

Sista Talatu: Hanawa ba ta isa ba in tulin shaddar yana nan. Ka raba su biyu, rabi su kwanta rabi su yi aiki. Kuma ka sa ranar da za ka daina karɓar ɗinki.

Bilkisu: Kafin ku amsa, Alhaji, akwai maganar kuɗi. Yaron da ake biya da iya abin da ya ɗinka, ranar da ya kwanta ba shi da ko sisi.

Alhaji Garba: Nan ina da dabara, maƙwabcina mai walda ne yake yi. Kamar adashi, amma ba a kwasa. Kowane yaro ya zuba ɗan abu duk Alhamis, maigida ya zuba daidai abin da suka tara. Kuɗin yana hannun mutum biyu da yaran suka zaɓa da kansu, da littafi. Wanda ya kwanta a cire masa na magani da na cefane.

Sista Talatu: Madalla. Daga irin wannan asusu ma ana iya biya musu inshora. Tun 2022 dokar NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, kuma a Kano hukumar KSCHMA, mai kula da inshorar lafiya ta jiha, tana rajistar waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba. Wanda kuma ya yi wa kasuwancinsa rajista, akwai kashi 1 cikin 100 na albashi da ake biya wa NSITF, hukumar da ke biyan diyyar rauni a wurin aiki, a ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010, saboda ranar da inji ya ci yatsan yaro.

Bilkisu: To Alhaji, ranar rufe karɓar ɗinki fa?

Alhaji Garba: Janareta zan fitar, asusu zan buɗe. Amma ranar rufewa? Sista, ke da kanki bara ana jibi Sallah kika aiko mini da atamfa kala uku, kika ce in taimaka.

Sista Talatu: Na yaran ƙanwata ne, Alhaji!

Alhaji Garba: Kowa ma na yaran ƙanwarsa ne.

Bilkisu: Lokaci ya cimmana. Teloli da ke sauraro, wanda ya taɓa sa ranar rufe karɓar ɗinki kuma ta tsaya, ya aiko mana da saƙon murya mu ji yadda ya yi da masu magiya, za mu saka a shiri na gaba. Sai Allah ya kai mu.